Duk ilimin nukiliyar nan don a tafasa ruwa kawai?

Malamin Aji Uku ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni malamin kimiyya ne a sakandare, shekarata tara da alli a hannu, amma ranar Talatar da ta wuce wata yarinya ta ɗaure ni da jijiyata a gaban aji.

Darasin hanyoyin samar da wutar lantarki muke yi. Na zana tashar kwal a gefe ɗaya na allo: murhu, tukunyar ruwa, tururi, farfela, janareto. Na koma ɗaya gefen zan zana ta nukiliya, ina cikin zanen sai na ga ashe abu ɗaya nake maimaitawa, akwatin farko kawai na canza wa suna. Yarinyar tana layin baya, ba ta cika magana ba. Ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wato abin nan da duniya ke tsoro, ruwa kawai yake dafawa?" Aji ya fashe da dariya. Na ce mata eh. Ta ce, "To batirin waya ba ya dafa ruwa, kuma yana ba da wuta. Kai ka ce mana nukiliya ta fi sinadari ƙarfi sau miliyoyi. Me ya sa ƙaramin ya iya ba da wuta kai tsaye, babban bai iya ba?"

Na yi abin da malami ke yi idan ya rasa tudun dafawa, na ce wannan aikin gida ne na kowa da kowa. Ƙararrawa ce ta cece ni.

Alƙaluman na san su. Ƙwayar zarra ɗaya ta kabon idan ta ƙone tana ba da kamar elektron-bolt 4 (wani ɗan mitsitsin ma'aunin makamashi ne), ta yuraniyom 235 idan ta tsage tana ba da kusan miliyan 200. Kuma na saba gaya wa yara cewa bambancin shi ne nukiliya tana mai da nauyi ya zama makamashi bisa lissafin Einstein, sinadari kuwa ba ya yin haka. Amma wannan bai amsa mata ba. Me ya hana a yi batirin yuraniyom, a sa masa waya biyu a ja wuta? Zan sake shiga ajin ranar Litinin, ku taimaka kada in koma da kame-kame.

Mai Batir ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Ni ban yi boko mai zurfi ba, gyaran wutar mota nake yi, don haka nukiliya na bar wa masu ita. Amma batir na san cikinsa kamar yunwar cikina.

Idan ka fasa batirin mota za ka tarar da gida shida, kowane gida da farantai iri biyu a jere, ba sa taɓa juna. Iri ɗaya launin toka ne, dalma ce zalla. Ɗayan ruwan ƙasa mai duhu, dalma ce da ta haɗu da oksijin. Dukansu suna jiƙe cikin ruwan batir, wato asid ɗin da aka sirka. Kowane gida yana ba da bolt 2.1, shida ɗin su ba ka 12.6 idan cajin ya cika. Yayin da batir ke aiki, farantan nan biyu duk suna rikiɗewa su zama abu ɗaya, wani farin gari, asid ɗin kuma yana salancewa yana komawa ruwa. Shi ya sa muke zuƙo ruwan da ma'aunin gilashi mai roba a kai. Ya nuna 1.27, batir ya ƙoshi. Ya faɗo wajen 1.12, ya mutu.

Ga abin da nake so ka gaya wa yarinyar. Batir ma ya iya dafa abu, hana shi aka yi. Ina yaron shago wata rana ina kwance kan batirin babbar mota, sifana ta suɓuce mini ta kwanta a kan kawunan biyu. Kafin in ce me, tartsatsi ya tashi, ƙarfen ya manne, tsakiyarsa ya yi ja kamar an ciro shi daga maƙera. Na kai hannu da gaggawa, tabon yana nan a tafina har yau. Ƙarfin da zai tayar da injin, shi ne dai ya zama zafi a banza, don ya samu gajeriyar hanya. Duk sana'armu hana shi gajeriyar hanya ce, mu sa shi ya zagaya ta cikin kik da fitila da hon kafin ya isa ɗaya kan.

Tsohon Injiniya ya amsa:

Malam, ka gaishe mini da yarinyar nan. Na yi shekara ashirin da shida a tashar tururi mai ƙona gas kafin in yi ritaya. Ban taɓa aiki a ta nukiliya ba, amma daga bututun tururi zuwa gaba duk kanwar ja ce, don haka zan iya sa baki. Mai Batir ma ya riga ya ba ka rabin amsar da tabon hannunsa.

Mece ce wutar lantarki? Tafiyar elektron ce a cikin waya. To duk waɗannan haɗuwar sinadarai da ke ba mu makamashi, daga tsatsar ƙarfe zuwa ƙonewar kwal, cinikin elektron ne. Wannan ya bayar, wancan ya karɓa. Ka ga ke nan hajar da ake ciniki a kanta ita ce dai wadda muke so ta bi waya. Sai dabara ta zo da sauƙi: raba mai bayarwa da mai karɓa, ka ce musu babu hanya sai ta wannan wayar, kai kuma ka zauna a tsakiya kana karɓar kuɗin fito. Abin da Volta, wanda ya ƙirƙiro batir na farko, ya yi ke nan a 1800 da ya jera fallayen ƙarafa iri biyu da jiƙaƙƙen kwali a tsakaninsu, kuma har batirin wayar yarinyar nan a kan wannan dabarar yake.

Tsagewar yuraniyom kuwa ba ruwanta da elektron. Can cikin cibiyar zarra abin ke faruwa, elektron suna waje ba a ma yi shawara da su ba. Niyutiron, wata 'yar ƙwaya marar caji, ya shiga, cibiyar ta rabe gida biyu, misali bariyom da kiripton. Ɓarin nan biyu caji iri ɗaya suke ɗauke da shi, don haka suna korar juna da ƙarfin tsiya, kowanne ya fita da gudun kusan kilomita 10,000 a daƙiƙa ɗaya. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na miliyan 200 ɗin da ka ambata yana cikin wannan gudun. Amma ina za su je? Suna cikin dunƙulen abu mai tauri. Ba sa ko cin kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, abin da bai kai kaurin silin gashi ba, sun bangaji dubban ƙwayoyin zarra sun tsaya. Waɗanda aka bangaza su bangaji na kusa da su, kowa ya kama rawar jiki ta inda ya ga dama. Wannan rawar da ba ta da alƙibla ita muke kira zafi. Wato a cikin yuraniyom kullum sifanar Mai Batir tana kwance a kan kawunan, kuma babu wurin da za ka sa hannu ka ɗauke ta.

An yi tunanin a shimfiɗa yuraniyom ɗin siriri ƙwarai yadda ɓarin za su tsero waje a cafke cajinsu. A takarda yana yiwuwa, amma har yau babu tashar da ke ba gari wuta ta wannan hanyar.

Tunda zafi aka samu, sai a bi da shi yadda ake bi da zafi. Ana matse yuraniyom ɗin ya zama 'yan dunƙulaye kamar gaɓar ƙaramin yatsa, a jera su cikin siraran bututai na ƙarfen zakoniyom masu tsawon kusan mita 4. Yuraniyom ɗin da ake haƙowa a ƙasa kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai mai lamba 235, sai an tace shi ya kai kashi 3 zuwa 5. Tsakiyar dunƙulen yakan wuce digiri 1,000. A irin tashar da ta fi yawa a duniya, ruwan da ke ratsa bututan yana kaiwa kamar digiri 320 amma ba ya tafasa, don an danne shi da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 155. Shi wannan ruwan ne ke zuwa ya dafa wani ruwan daban, tururin na biyun ya juya farfela, farfela ta juya maganaɗisu a cikin naɗin waya. Wannan kuma dabarar da masanin kimiyya Faraday ya gano ce tun 1831, babu sabo. Ko ranar 20 ga Disamba 1951 da aka fara kunna ƙwan fitila huɗu da wutar nukiliya a jihar Idaho ta Amurka, ta tururi aka bi.

Abin da ya fi ci mini rai a shekarun aikina shi ne harajin da zafi ke karɓa. A bayan tasharmu akwai inda ruwan sanyaya tururi ke fita. Satina na farko wani dattijon ma'aikaci ya kai ni wurin ya ce in tsoma hannu. Ruwan ɗumi ne kawai, kamar wanda ya wuni a rana, amma yana kwarara kamar rafi, dare da rana. Ya ce mini, "Yaro, ga inda yawancin gas ɗinmu ke tafiya." Na ɗauka zolaya ce. Da na zauna na yi lissafi sai na ga gaskiyarsa. Tun 1824 Carnot, wani Bafaranshe, ya nuna cewa injin da ke aiki da zafi yana da iyakar da ba ya ƙetarewa, kuma iyakar ta dogara ne da tazarar da ke tsakanin wurin zafi da wurin sanyi. Tururin tashar nukiliya kamar digiri 280 ne, ruwan sanyayawa ka ce 30. Ko da injin ba shi da aibi ko ɗaya, ba zai wuce kashi 45 cikin ɗari ba. A zahiri kashi 33 ake samu. Tashar da ke ba da megawat 1,000 na wuta, megawat 3,000 na zafi take haifarwa, 2,000 su tafi teku ko kogi ko sama. Manyan hasumiyoyin nan masu siririn ƙugu da ake nunawa a hoto, farin abin da ke fita daga kansu ba hayaƙi ba ne, wannan asarar ce take tashi a matsayin tururin ruwa. Tashoshin gas na zamani suna kaiwa kashi 60, don wutarsu ta wuce digiri 1,400 kuma sau biyu suke tatsar zafin.

To me ya sa aka haƙura da asarar kashi biyu cikin uku? Don abin da ake zubarwa ɗin ba ya da nauyi. Tashar kwal mai megawat 1,000 tana cinye tan dubu takwas zuwa dubu goma a rana. Ta nukiliya mai girma ɗaya, abin da ke tsagewa a cikinta a rana kamar kilo 3 ne. Mai rijiya ba ya kuka don guga na yoyo.

Ni dai ba na son yadda ake cewa "ruwa kawai" ɗin nan. Ruwa yana ɗaukar zafi mai yawa, ba ya ƙonewa, ba guba ba ne, kuma a cikin murhun nukiliya aiki biyu yake yi, yana kwashe zafi yana kuma rage wa niyutiron gudu don su iya tsaga wata cibiyar. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da farfela tana juyi 3,000 a minti, ƙasa na kaɗawa a ƙarƙashin takalminsa, ba zai raina tururi ba.

Ɗalibar Fiziks ta amsa:

Baba Injiniya ya gama magana, sai dai ina neman izini in gyara abu ɗaya a wurin Malam, in kuma ƙara ɗaya a wurin Baba.

Malam, don Allah a daina gaya wa yara cewa nukiliya ce kaɗai ke mai da nauyi makamashi. Mu ma haka aka koya mana, sai a jami'a aka kankare mana shi da ƙyar. Lissafin Einstein na 1905 bai ware kowa ba. Duk abin da ya fitar da makamashi, nauyinsa ya ragu. Idan kabon ya ƙone, hayaƙin da ya fito bai kai nauyin kabon da oksijin da suka shiga ba, sai dai ragin kamar kashi ɗaya ne cikin biliyan goma, babu sikelin da zai gan shi. A tsagewar yuraniyom ragin kusan kashi ɗaya ne cikin dubu. Batirin Mai Batir ma idan ya mutu ya fi sauƙi da ɗan abin da ba a iya aunawa. Bambancin na yawa ne. Kilo 3 ɗin da Baba ya ce, abin da ke ɓacewa daga nauyinsu kamar giram 3 ne a rana, kuma giram ɗaya daidai yake da kilowat-awa miliyan 25 na zafi.

Na biyu, akwai wutar nukiliya da ba ta bi ta tururi. Kumbunan Voyager guda biyu da aka harba a 1977 ba su da farfela ko ɗaya. Suna ɗauke da fulutoniyom 238, wanda ke ɗumama kansa da kansa saboda lalacewar da yake yi a hankali, rabinsa na ƙarewa cikin kusan shekara 88. An kewaye shi da mahaɗan abubuwa iri biyu, gefe ɗaya a jikin zafi, ɗaya yana kallon sanyin sararin sama, bambancin ya tura elektron. Wani masani mai suna Seebeck ya gano wannan tun 1821. Kowane kumbo ya tashi da kamar wat 470. Amma wannan bai rushe maganar Baba ba, don har yanzu ta zafi aka bi, kuma abin da ake samu bai wuce kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari ba. Wanda ya fi kusa da abin da yarinyar ke nema shi ne ɗan batirin tiritiyom, wani nau'in haidurojin, domin shi cibiyarsa elektron take tofarwa kai tsaye. Sai dai wutarsa ba ta isa ta kunna ƙwan tocila ba.

Ga shawara ta ranar Litinin, in akwai kayan a ɗakin gwajinku. Ka samu shuɗin ruwan kofa salfet, wato gishirin jan ƙarfe, da garin tutiya. A kofi na farko zuba garin a ciki, ka tsoma ma'aunin zafi. Shuɗin zai dushe, jan ƙarfe ya kwanta a ƙasa, ma'auni ya hau. Sannan ka raba su: fallen tutiya a cikin ruwan gishirinsa a kofi ɗaya, fallen jan ƙarfe a cikin shuɗin ruwan a wani kofin, ka haɗa kofunan da takardar tacewa jiƙe da ruwan gishiri, ka sa mita tsakanin fallayen. Za ta nuna kusan bolt 1.1. Haɗuwar sinadarai ɗaya ce, a can ta ba da zafi, a nan ta ba da wuta. Batirin Daniell ke nan na 1836. Sai ka tambaye su ta yaya za a raba cibiyar yuraniyom a kofi biyu.

Tsohon Injiniya ya amsa:

Madalla 'yata, na karɓi gyara, ni ma da tsohon karatun na tsufa. Kin tuna mini da abu ɗaya da na tsallake. Batir idan ka cire waya ya tsaya, murhun gas idan ka rufe bawul ya mutu. Na nukiliya ko an tura sandunan da ke shanye niyutiron an kashe shi, ɓarin nan da suka taru suna ci gaba da lalacewa suna ba da zafi, kamar kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari na ƙarfinsa a daƙiƙun farko, sannan ya riƙa raguwa. Kashi 6 na megawat 3,000 ba wasa ba ne. Abin da ya faru a Fukushima ta Japan ke nan a Maris 2011. Murahun sun kashe kansu lafiya lau da girgizar ƙasar ta zo, igiyar ruwan teku ce ta biyo baya ta cinye janaretocin da ke juya famfunan sanyayawa, zafin da ya rage ya narkar da makamashin murhu uku.

Mai Batir ya amsa:

Ashe batirina har rama yake yi idan ya mutu. Shekara nawa ina ɗaga shi ban ji ba. Malam, in za ka nuna musu na mota, ka cire agogo da zobe tukuna, kuma kada ka gwada abin sifanar nan ko da wasa, batir yakan fashe ya watsa asid.

Malamin Aji Uku ya amsa:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Na yi gwajin yau. Garin tutiya babu, sai na goge fallen da fayil na tara ɗan abin da ya samu, ma'aunin zafi ya hau kaɗan amma kowa ya gani. Mita ta nuna 1.06. Na kuma janye maganata ta Einstein a gabansu, abin da bai yi mini daɗi ba ko kaɗan, wasu har da tafi.

Yarinyar ta saurara har ƙarshe, ta rubuta komai. Ana shirin fita sai ta sake ɗaga hannu. Ta ce ai a zangon da ya wuce na gaya musu rana ma murhun nukiliya ce, haidurojin ke haɗewa a cikinta ya zama hiliyom. Na ce haka ne. Ta ce to farantin sola da ke kan rufi wutar nukiliya yake bayarwa ke nan, kuma ba ya dafa ruwa, ba ya juya farfela, a wane gefen allo zan zana shi?

Na ce mata sai Alhamis. Baba Injiniya, 'yar'uwa Ɗaliba, ina sauraronku.